Ku daina kai wa mara lafiya lemon kwalba

'Yan uwa, ku yi haƙuri da ni, yau faɗa zan yi. Da wuya a wayi gari mu ma'aikatan asibiti ba mu tarar da ledar lemo a ƙarƙashin gadon majinyaci ba. An kwantar da bawan Allah saboda ciwon suga, ƙafa ta yi gyambo muna wankewa safe da yamma, da ƙyar mun samu sugan ya fara sauka, sai 'yan dubiya su shigo da lemon kwalba da malt da madarar gwangwani. Da safe mu auna mu ga ya haye. In ka tambaya sai a ce, "Ai kurɓa ɗaya ya yi don ya samu ƙarfi." Wane ƙarfi?

Na san da zuciya ɗaya kuke yi. Ba mai son zuwa dubiya hannu rabbana, Allah ya saka muku da alheri. Amma ku san abin da kuke riƙowa. Robar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da suga wajen cokalin shayi 13. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce babba mai lafiya kada ya wuce kimanin cokali 12 a yini guda, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Lissafin ya haɗa da na shayin safe, da na koko, da na zoɓo, har da zuma. Roba ɗaya ta cinye rabon yini, ga mai lafiya ke nan, balle wanda ke kwance.

Sai maganar malt da madara wai yana ƙara jini. Ba ya ƙarawa! Suga kuke ɗura wa mai jego da mai ciki. Mai ƙarancin jini hanta yake buƙata, da nama, da wake, da zogale, da ƙwayoyin ƙarin jinin da muke ba ku a asibiti kuna ajiyewa a kan taga.

Iyaye mata, ku ma ban ƙyale ku ba. Yaro bai kai shekara biyu ba an zuba masa lemo a fida don ya yi shiru. Kafin ya shiga firamare haƙoran gaba sun yi baƙi sun ɓantare, yana kwana kuka, ku ce tsutsa ce. Lemon nan ne da alewa. Kuma yaron da ya saba da zaƙi tun yana goye, ina zai yarda ya sha kunu ba suga?

Wuri ɗaya na yarda a ba mai ciwon suga zaƙi: idan yana allurar insulin ko shan magani, sugansa ya faɗi, yana rawar jiki da gumi da jiri. Nan a ba shi nan take muddin yana iya haɗiya, a kawo mana shi. Ban da wannan, a'a.

Don Allah, daga yau:

- In za ku dubiya, ku kawo ƙwai, kifi, gurji, ko ku ba shi kuɗin magani.
- Lemon zaƙi a sha shi da tsokarsa, kada a matse.
- Ka ce wa mai shayi cokali ɗaya, kuma ka tsaya ka gani da idonka.
- Ƙishirwa ruwa ake sha mata.
- Mai yawan fitsarin dare, ko yawan ƙishirwa, ko rama ba dalili, ya zo a auna shi, kada ya jira sai ƙafa ta kumbura.