Ɗalibi da aikin bincike a Legas: ina ake neman bayani?

Yaranmu da ke karatu a Jami'ar Legas ta Akoka, ko Jami'ar Jihar Legas (LASU) a Ojo, ko Kwalejin Fasaha ta Yaba, kusan duk hanyarsu ɗaya ce idan malami ya ba da aikin bincike. A ciro waya, a buga taken aikin a Google, a kwashi abin da ya fara fitowa. Ga tambayoyin da suka fi yawa a bakinsu.

Laifi ne a fara da Google ko Wikipedia?

Ba laifi. Wanda ke tasowa daga Agege da asuba, ya sha cunkoson hanya kafin ya isa aji, waya ce ɗakin karatunsa na farko. Matsalar ita ce tsayawa a nan. Wikipedia tana da amfani wajen gane ainihin batun da kalmomin da masana ke amfani da su, amma kowa na iya gyara ta, shi ya sa malamai ba sa karɓarta a matsayin hujja. Ka gangara ƙasan shafin, inda aka jera littattafai da maƙalun da aka dogara da su. Su za ka bi.

Yaya zan rage tarkacen da ke fitowa?

Kada ka zuba taken aikin gaba ɗaya. Zaɓi kalmomi uku ko huɗu masu nauyi. In kana son jimla ta fito yadda take, sa ta tsakanin alamun zance. In ka ƙara site:edu.ng, sakamakon zai tsaya a shafukan makarantun Najeriya, site:gov.ng kuma na gwamnati. Filetype:pdf zai kawo cikakkun takardu. Sannan ka koma Google Scholar, wanda aka buɗe tun 2004 don rubuce-rubucen ilimi. A ƙarƙashin kowace maƙala akwai wurin da ke nuna waɗanda suka ambace ta daga baya, kuma daga maƙala ɗaya mai kyau za ka iya samun goma.

Na samu alƙaluma biyu da suka saɓa wa juna. Wanne zan ɗauka?

A nan ake gane ɗalibin da ya iya aiki. Ɗauki yawan mutanen Legas kanta. Ƙidayar ƙasa ta 2006 ta ce kimanin miliyan 9 ne, gwamnatin jihar ta ƙi amincewa, ta fitar da nata adadin sama da miliyan 17. Tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba, don haka duk wani adadi da ka gani na bana hasashe ne da aka ɗora kan ɗayan biyun ko wani lissafi daban. Wanda ya kwafo lamba daga wani shafi bai san wannan ba, ranar kare aiki kuwa tambaya ɗaya za ta tsayar da shi. Abin da ya dace shi ne ka faɗi wa ya fitar da adadin, a wace shekara, ta wace hanya. In biyun duka suna da tushe, kawo su duka ka bayyana saɓanin. Alƙaluman farashi da tattalin arziki kuma a nemo su daga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ko Babban Bankin Najeriya kai tsaye, kada a tsaya ga jaridar da ta ruwaito su.

Maƙalar da nake so an ce sai na biya dala. Ina mafita?

Kafin ka haƙura, je ɗakin karatun makarantarku ka tambayi ma'aikatansa waɗanne rumbunan mujallu makarantar ke da damar shiga, irin su JSTOR. Ɗalibai da yawa sukan gama karatu ba su taɓa yin wannan tambayar ba, abin yana min ciwo. Akwai AJOL mai tattara mujallun Afirka, da yawansu kyauta, da DOAJ mai jera mujallun duniya waɗanda duk na kyauta ne. Aika wa marubucin saƙo cikin ladabi ma yakan yi aiki.

To ChatGPT fa?

Manhaja ce da ke rubuto maka amsa in ka yi mata tambaya. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 ya shiga hannun kowa. Yana taimakawa wajen fahimtar batu mai wuya ko tsara tunani. Sai dai yakan ƙirƙiro sunan marubuci da maƙala da shekara waɗanda babu su a duniya, kuma ya kawo su da cikakken ƙarfin gwiwa. Duk madogarar da ya ba ka, nemo ta da kanka, ka buɗe ka karanta. In ba ka gan ta ba, kada ta shiga aikinka.

Shafukan da ke sayar da aiki babi na 1 zuwa na 5?

Satar aiki ce. An sayar wa ɗaruruwa kafin kai, kuma manhajoji irin su Turnitin suna kama irinsa.

Idan bincikena ya shafi mutanenmu na nan Legas fa?

To a nan kana da abin da abokan ajinka ba su da shi. A ce kana rubutu kan asarar tumatir tsakanin Arewa da kasuwar Mile 12, ko tarihin zaman Hausawa a Agege. Abin da ke intanet kan waɗannan kaɗan ne. Mafi yawan bayanin yana bakin dillali da direban babbar mota da dattawan fadar Sarkin Hausawa. Kana jin yarensu, ka san yadda ake gaisuwa. Je da safe bayan an sauke kaya, ka fara da shugabannin kasuwa, ka ce, "Baba, ɗalibi ne ni, aikin makaranta ya kawo ni." Nemi izini kafin ka naɗi murya, ka rubuta rana da wuri, kuma ka tambayi mutum fiye da ɗaya, domin lissafin dillali da na manomin da ya aiko kayan ba kullum suke zuwa ɗaya ba. Tun farko ka shaida wa malamin da ke duba aikinka cewa za ka yi hira, ya nuna maka yadda sashenku ke son a rubuta ta cikin madogara.