Kwana bakwai da guzurinka a baya: tambayoyin 'yan fadarmu kan tseren Sahara

Tun ranar da wani ɗan kabu-kabu ya gan ni bayan sallar asuba a kan hanyar Miriya, da jaka a baya ina sassarfa, fadarmu ta samu abin hira. Wasu suka ce bashi na ci nake gudu, wasu suka ce a nema mini rubutun sha. Da na ce shiri nake yi na tseren da ake kwana bakwai ana yi cikin rairayi, sai tambayoyi suka yi ta zuwa, daga shayin farko har na uku. Ga waɗanda suka fi dawowa, da amsar da na iya bayarwa.

Wai wane irin gudu ne ake kwana bakwai ana yi?

Gudun fanfalaki da muka saba gani a talabijin, wato maraton, kilomita 42 ne da mita 195. Duk tseren da ya zarce wannan ana kiransa ultramaraton. A cikinsu akwai na yini ɗaya, akwai kuma wanda ake raba shi zango-zango. Wanda ya fi suna a irin na biyun shi ne Marathon des Sables, a kudancin Maroko. Wani Bafaranshe, Patrick Bauer, ya ratsa kilomita 350 na Saharar Aljeriya shi kaɗai a ƙasa cikin kwana 12 a 1984, abin ya shiga ransa, sai ya kafa tseren a 1986 da mutum 23. Yau tsawonsa kusan kilomita 250 ne, zango shida cikin kwana bakwai. In kana son ka kwatanta, ka ɗauka daga Damagaram za ka tafi Kano a ƙafa, har da ɗan ƙari, kuma babu kwalta. Akwai ire-irensa a hamadar Gobi, da Atakama a Chile, da Namibiya, duk kusan tsawo ɗaya.

Me ake nufi da cewa mutum shi ke riƙe da kansa?

Abu biyu masu shirya tseren ke ba ka: ruwa, da rumfar kwana. Rumfar baƙar tanti ce irin ta makiyayan can, mutum takwas a ciki, iska na ratsa ta ta ko'ina. Akwai kuma likitoci. Sauran duk a bayanka suke: abincin mako guda, jakar barci, cocila ta goshi, kamfas, usur, ɗan madubi na haska wa masu nema, wuƙa, maganin wanke ciwo, da ɗan bargon azurfa marar nauyi. Jakar ba za ta gaza kilo 6 da rabi ba, ba kuma za ta wuce kilo 15 ba, ban da ruwa. Ranar bincike ana auna ta. Idan aka kama wani daga waje ya miƙa maka abinci a hanya, hukunci ne.

Kada a haɗa wannan da abin da mutum uku suka yi daga ƙarshen 2006 zuwa farkon 2007, Charlie Engle da Ray Zahab da Kevin Lin, da suka taso daga Sanagal suka bi Muritaniya da Mali da Nijar, ta Agadas, da Libiya, har Bahar Maliya a Masar cikin kwana 111. Aikinsu babba ne, amma motoci na biye da su da abinci da katifa.

To ai kakanninmu sun yi wanda ya fi wannan. Ina fatake, ina ayarin gishiri?

Tsohon da ke sayar da goro kusa da fadarmu ne ya yi wannan tambayar, yana dariya. Na ce masa, Baba, gaskiyarka. Wanda ya bi ayari daga Agadas zuwa Fashi da Bilma ya ratsa Tenere bai ga abin burgewa a kilomita 250 ba. Kuma mutanen Zango sun san unguwar tasu ma daga saukar ayari ta samo suna. Sai dai ayari raƙumi ke ɗaukar masa kaya, akwai madugu da ya san rijiyoyi, kuma babu mai riƙe masa agogo. A tseren, kowane zango yana da lokacin da dole ka isa. A can baya akwai raƙuma da ke tafe a hankali suna share hanya. Ranar da suka wuce ka, ka fita.

Duk da haka ina ganin ɗan ƙasar nan yana da rabin karatun tun daga gida. Ya san rana, ya san tsimin ruwa, tun da mu a Damagaram an daɗe ana lissafin jarka da kuɗin ɗan garuwa. Waɗanda suka mamaye tseren ma 'yan hamadar ne: Lahcen Ahansal na garin Zagora ya ci sau 10, ƙanensa Mohamad ya ci sau da dama, bayansu Rachid El Morabity ya karɓa ya riƙe shekara da shekaru. Sauran rabin karatun, wato gudu da kaya a baya kwana bayan kwana, wannan ba a gadonsa, sai an yi.

Dole ne a yi ta gudu ba tsayawa?

A'a. Na gaba-gaba ne ke gudu kusan duka. Mafi yawan mutane suna sassarfa inda ƙasa ta yi tauri, su taka a hawan tudun rairayi da kan duwatsu. Zangon da ake tsoro shi ne dogon, wanda ke haura kilomita 80, ana shiga dare a cikinsa da cocila. Wanda ya gama shi da wuri ya samu yinin hutu; wanda ya makara, hutunsa a hanya ya ƙare.

Me ake ci, tun da ba tuwo ba miya?

Nan ne lissafi yake. Doka ta ce ka ɗauki aƙalla kalori (ma'aunin ƙarfin abinci) 2,000 na kowace rana, wato 14,000 a mako, kuma ka iya nuna lissafinka. Jiki yana ƙona fiye da haka nesa ba kusa ba, don haka kowa ramewa yake yi. Abin da ake nema shi ne abinci mai ƙarfi marar nauyi. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sitaci ko sukari 4 kawai. Shi ya sa gyaɗa soyayya ta fi dabino ƙarfi kusan ninki biyu idan aka auna su kilo da kilo, ko da yake dabino ya fi saurin shiga jini lokacin da ƙafa ta mutu.

Turawa suna zuwa da busasshen abinci a leda, a zuba ruwan zafi ya kumbura. Mu kuwa muna da namu tun kafin a ƙirƙiro nasu: kilishi, ƙuli-ƙuli, cuku, dabino, aya, dakuwa, garin rogo, da garin gero da aka daka da dabino da cuku irin na Buzaye, wanda ruwa kawai yake so. Ni da shi nake atisaye. Abin da na koya da kaina shi ne a rana ta uku baki yana ƙin zaƙi. Na taɓa cika jaka da dabino da dakuwa, na wayi gari ko ganinsu ba na so, da wani zai ba ni ɗan kilishi mai yaji da gishiri da na ba shi duka jakar. Kada ka tafi da abin da cikinka bai saba da shi ba, kuma ka ɗaure na kowace rana a ledarsa daban, in ba haka ba ka cinye na Alhamis tun Talata.

Ruwa fa?

Ana ba da shi a wuraren bincike da ke tsakanin kamar kilomita 10 zuwa 12, da kuma a ƙididdige in ka sauka zango. Daga ciki za ka sha, ka dafa, ka wanke ciwo. Wanka sai an dawo gida.

Haɗarin biyu ne, kuma mutane na farkon kawai suka sani. Cikin zafi mai gudu yana iya zubar da gumi lita guda a awa, ko fiye. In bai mayar ba, fitsari ya yi ja ya ragu, kai ya sara, jiri ya zo. Na biyun shi ne mutum ya yi ta ɗura ruwa zalla ba gishiri, har gishirin jininsa ya tsinke. Shi ma ciwon kai ne da amai da ruɗewa, yana kuma kisa. Saboda haka ake kurɓa kaɗan-kaɗan, ana haɗawa da ƙwayar gishiri ko abinci mai gishiri. A atisaye ni ruwan gishiri da sukari nake haɗawa, irin wanda ake ba yaro mai zawo: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Bari in faɗi wata magana da na san ba kowa zai so ta ba. Wani ya ce mini in haɗiyi tramol, ba zan ji gajiya ba. Wannan hanyar kabari ce. Ciwo shi ke gaya maka ka tsaya; in ka toshe masa baki cikin rana mai digiri 45, faɗuwa za ka yi ba ka sani ba. Ko magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da ake saye a tebur, suna iya lalata ƙoda idan jiki ya bushe.

Mene ne ya fi fitar da mutane daga tseren?

Ƙafa da zafi. Rairayi in ya shiga takalmi, ya haɗu da gumi, sai ya zama kamar dutsen niƙa. Ranar da na fara zuwa Miriya in dawo, kilomita 18 kowane gefe, na sa sabon takalmi daidai ƙafata. Kafin in dawo bakin gari, bororo ya tashi a diddige da ƙarƙashin babban yatsa, na cire safa na ga ta manne da fata. Kwana goma ina ɗingishi da silifa, 'yan fada suna ce mini Alhaji ya dawo daga Maroko.

Daga nan na gane abu uku. Ƙafa kumbura take yi, don haka takalmi ya fi ta da lamba ɗaya. Ba a zuwa da sabo. Sannan ana rufe takalmin gaba ɗaya da wata rigar yadi da ke kamawa daga idon sawu zuwa gindin takalmin, don kada rairayi ya samu ƙofa. Mannenta ba ya riƙe da gam kaɗai, zafi narkar da shi yake yi, sai an ɗinka. Na kai nawa wurin wani baduku a kasuwar Dole. Ya juya takalmin ya sake juyawa, ya ce, "Yaro, takalmin ne ke jin sanyi?" Amma ya ɗinke shi da basilla zagaye, ɗinki ƙanana, ya kuma sa yatsa ciki ya shafa don kada ƙulli ya taɓa ƙafa. Har yau bai saki ba, kuma ya rage mini karangiya da ke cika safa.

Zafin kuwa, a 2021 an ɗaga tseren zuwa Oktoba saboda korona, aka faɗa cikin zafi mai tsanani. Kusan rabin masu gudun ba su gama ba, mutum ɗaya ya rasu.

Ana ɓata?

An taɓa. A 1994 guguwar rairayi ta rufe wani ɗan sandan Italiya, Mauro Prosperi, ya ci gaba da gudu alhali ba ya ganin hanya. Ya kwana tara a daji, ya fake a wani tsohon hubbare, ya ci jemagu, har makiyaya suka tsince shi cikin Aljeriya, kusan kilomita 300 daga inda ya kamata ya bi. Yanzu kowa yana ɗauke da na'urar da ke nuna inda yake, mai maɓallin neman agaji. Ƙa'idar dai ita ce wadda kowane makiyayi ya sani: in ƙura ta taso, ka tsaya inda kake, ka rufe fuska da rawani.

Sallah fa, da ruwa a ƙididdige?

Akwai taimama, akwai kasaru ga matafiyi, kuma kamfas ɗin da ke jakarka zai nuna maka gabas. Sauran bayani na malamai ne. Tseren yakan faɗo a watan Afrilu, don haka ka duba kalanda da kyau, domin shekarun baya ya haɗu da azumi.

Mata na shiga?

Suna shiga, suna kuma wuce maza da yawa. Touda Didi ta Maroko ta ci ɓangaren mata a 2008 da 2009, Aziza Raji ta ci a waccan shekarar ta zafi, 2021.

Nawa ake kashewa?

Kuɗin shiga kaɗai ya haura Yuro 3,000, wato wajen miliyan 2 na sefa zuwa sama, ban da jirgi da kaya da takardar likita da awon zuciya da ake buƙata. Ga irinmu, sai da mai ɗaukar nauyi. Nan nawa shirin ya tsaya a yanzu.

To in mutum yana Damagaram, ta ina zai fara?

Ta ƙofar gidansa. Wata biyu na farko tafiya da sassarfa ba kaya, sau uku ko huɗu a mako. Sannan jaka mai kilo 3, ana ƙarawa a hankali har 7 ko 8. Duwatsun Birni sun isa koyon hawa da sauka, rairayi kuwa ba sai an nema ba da zarar ka bar kwalta. Abin da ya fi amfani shi ne doguwar tafiya kwana biyu a jere, Asabar da Lahadi, don jiki ya koyi tashi da gajiyar jiya. Ka fara da hunturu. Jiki yana ɗaukar kamar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba aiki cikin zafi, saboda haka ko mu da aka haifa a nan ba ma faɗa wa ranar Afrilu da tsaka kai tsaye.

Kada ka fita kai kaɗai. Ka faɗa wa na gida hanyar da za ka bi da lokacin dawowa, ka tsaya inda akwai ƙauyuka da rijiyoyi da layin waya, ka bar zancen nausawa arewa can bayan Tanut. Mu yanzu mun zama huɗu, har da ɗan kabu-kabun da ya fara kai rahotona. Hunturun nan muna son mu yi Damagaram zuwa Magariya cikin kwana uku, kowa da jakarsa, ƙanena kuma zai riƙa tarar mu da jarkar ruwa a kan babur.