Me ake nufi da "yana kashe ƙwayoyin kansa"?

Kwana biyun nan kusan duk tashar rediyon da ka murɗa sai ka ji mai tallan magani yana cewa an gwada sassaƙensa a ɗakin bincike, an ga yana kashe ƙwayoyin kansa. Kalmar sitotoksik yake fassarawa, kuma a nan ake cutar bayin Allah, don kalmar ba ta nufin waraka. Daga Girkanci take: kitos shi ne ƙoƙo, sunan da aka laƙaba wa ƙwayar halitta, toksikon kuwa dafin da ake shafa wa kibiya. Guba ce ga ƙwaya, mai ciwo da mai lafiya. Ko ruwan bilic aka ɗiga zai ci wannan jarrabawa.

Ga yadda ake gwajin. Ana shuka ƙwayoyin kansa, irin waɗanda ake kira HeLa na kansar bakin mahaifa ko MCF-7 na kansar mama, a faranti mai ramuka 96, a zuba sinadarin da ake gwadawa, bayan kwana biyu ko uku a ƙara wani ruwa rawaya. Masu rai su mayar da shi shunayya, matattu su bar shi yadda yake. Amma faranti ba jikin mutum ba ne: ba shi da hanta, ba shi da ƙoda.

Dubi misalin maganin kansa na gaske. Tushensa yurasil ne, ɗaya daga tubala huɗu na RNA, sinadarin da ke isar da saƙon gado a cikin ƙwayar halitta. A 1954 aka lura ƙarin kansa da ke hantar ɓera yana shan yurasil fiye da lafiyayyen nama. Sai Charles Heidelberger na Jami'ar Wiskonsin a Amurka, tare da Robert Duschinsky, suka ɗora wa yurasil sinadarin fulorin a gurbi na biyar na jikinsa, suka bayyana maganin da ake kira 5-FU a 1957. Dabarar tana burge ni ƙwarai: ƙwayar kansa ta haɗiye shi tana zaton abincinta ne, ya toshe mata hanyar gina DNA, ma'ajiyar bayanan gadonta, ta kasa rabuwa. Sai 1962 aka amince da shi a Amurka, har yau kuma da shi ake yaƙar kansar hanji, masu bincike na ta sauya masa siffa ko za a dace da wanda ya fi shi.

Amma je ka ga wanda ake ɗura wa shi. Baki ya yi gyambo, gudawa ta kama shi, ƙwayoyin garkuwar jini su ragu, domin su ma ƙwayoyin baki da hanji da ɓargo saurin rabuwa suke yi. Akwai ma waɗanda aka haifa da ƙarancin DPD, sinadarin da ke narkar da maganin a jiki; adadin da wani zai sha ya tashi, su yana iya kai su kushewa.