Abin da dokar zuba jari ta 2025 ta ce game da kuɗin kirifto da masu damfara da sunansa

A wani shagon cajin waya da ke Tudun Wada, a nan Kaduna, wani matashi ya miƙo mini wayarsa domin in ga abin da ya kira ribarsa. A fuskar manhajar an rubuta dala ɗari takwas da koren rubutu, alhali dala ɗari huɗu ya zuba wata guda da ya wuce, bayan ya sayar da babur ɗinsa. Na tambaye shi ko ya taɓa cire wani abu, ya ce sau ɗaya, dala ashirin, kuma ba ta yi minti biyar ba ta shigo. Da na tambaye shi rajistar kamfanin, sai ya buɗe zaurensu na WhatsApp ya nuna mini hoton takardar Hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni rajista, ɗauke da hatimi, ya ce: "Yallaɓai, ai yanzu gwamnati ta halasta kirifto." Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma a ɗaya rabin ne mutane suke rasa jarinsu.

Matsayin hukuma a kan wannan harka ya sauya sau da dama cikin 'yan shekaru, shi ya sa ake yawan cakuɗa tsohon bayani da sabo. A ranar 5 ga Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su daina hulɗa da masu hada-hadar kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, su kuma rufe asusunsu. Umarnin bai mayar da mallakar kirifto laifi ba, bankuna kawai ya ɗaure wa hannu, sai jama'a suka koma ciniki tsakanin mutum da mutum, abin da 'yan harkar suke kira P2P. A watan Mayun 2022 Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari, wato SEC, ta fitar da ƙa'idojinta na kadarorin intanet, sannan a Disambar 2023 Babban Bankin ya sassauta, ya yarda bankuna su buɗe wa kamfanonin kirifto asusu bisa sharuɗɗa, ko da yake har yanzu bai yarda bankunan su riƙa saye da sayar da shi da kuɗinsu ba. A watan Maris na 2025 ne Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan sabuwar Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari, wadda ta maye gurbin ta 2007.

Babban abin da sabuwar dokar ta yi shi ne ta sanya kadarorin intanet, ciki har da kirifto, a sahun abubuwan zuba jari da SEC take sa wa ido, kamar yadda take sa ido a kan hannayen jarin kamfanoni da takardun lamuni. Ma'anar wannan a aikace ita ce duk wanda zai buɗe dandalin saye da sayar da kirifto ga 'yan Najeriya, ko ya riƙa ajiye wa mutane shi, ko ya ƙirƙiro sabon sulalla, wato sabon nau'in kirifto, ya tallata wa jama'a, ko ya karɓi kuɗin mutane da sunan zai juya musu, dole ne ya yi rajista da SEC kafin ya fara. Dokar ba ta mayar da kirifto kuɗin ƙasa ba. Mai shago a Kasuwar Bacci yana da damar ya ƙi karɓar Bitcoin ko USDT (kirifton da aka ɗaure darajarsa da dala), amma ba shi da damar ya ƙi naira. Ita kuwa eNaira da aka ƙaddamar a Oktoban 2021 naira ce ta Babban Banki a cikin waya, ba ta hawa ba ta sauka a kan takardar naira, saboda haka duk wanda ya ce a zuba jari a cikinta domin ta ninka, ƙarya yake yi tun daga jimlar farko.

Maganar rajista ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan ne 'yan damfara suka fi yin wasa da hankali. Takardar CAC tana nuna cewa an yi wa kamfani rajistar suna, kamar yadda takardar haihuwa take nuna an haifi mutum. Ba ta nuna cewa an ba shi izinin karɓar jarin jama'a, kamar yadda takardar haihuwa ba ta zama lasisin tuƙi. Haka ita ma takardar SCUML, wadda wani sashe na Hukumar EFCC yake bai wa wasu rukunin 'yan kasuwa domin sa ido a kan halasta kuɗin haram: ganin sunan EFCC a jikinta yana kwantar wa mutane da hankali, amma ba shaida ba ce cewa hukumar ta binciki kasuwancin ta wanke shi. Takardar da take da muhimmanci ita ce ta SEC, kuma ba a karɓar hotonta daga hannun wanda yake neman kuɗinka. Mutum ya shiga shafin hukumar da kansa, ta hanyar rubuta adireshin, ba ta latsa mahaɗar da aka turo masa ba, ya duba jerin waɗanda aka yi wa rajista, ya tabbatar sunan da ke jerin shi ne sunan da ke kan manhajar da kuma sunan asusun da aka ce ya tura kuɗi. Idan kamfani ne amma aka ba ka asusun wani mutum ɗaya, an riga an ba ka amsa. A watan Agustan 2024 SEC ta bai wa kamfanonin Busha da Quidax amincewar farko a matsayin dandalin musayar kirifto, kuma da yake jerin yana sauyawa, abin dogaro shi ne abin da aka gani a shafin a ranar da za a tura kuɗi.

Sashen dokar da ya fi tsauri shi ne wanda ya haramta tsarin Ponzi, wato a karɓi kuɗin Audu a biya Bala da sunan riba, sannan a karɓi na Ɗanladi a biya Audu, ba tare da wani kasuwanci na gaske a ƙasa ba. Hukuncin wanda aka kama yana gudanar da irin wannan tsari ko yana tallata shi shi ne tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, kuma hukuma tana da ikon rufe wurin tare da neman umarnin kotu na riƙe kadarorinsa. Ba a yi wata guda da sanya hannu a dokar ba, a Afrilun 2025, dandalin CBEX ya rushe da kuɗin ɗimbin 'yan Najeriya, har fusatattun mutane suka afka wa ofishinsa na Ibadan suka kwashe kaya. Alkawarin da ya yi shi ne ninka jari cikin kwana 30, wai na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ce take yin cinikin. Waɗanda suka ga yadda MMM, wadda ita ma tsarin Ponzi ce, ta daskarar da asusun mutane a Disambar 2016 sun gane tsohuwar riga ce aka sake wa rini.

Lissafi kaɗai ya isa ya tona asirin irin wannan alkawari. Naira dubu ɗari da take ninkawa kowane wata za ta haura naira miliyan 409 a cikin shekara guda, a shekara biyu kuma za ta wuce tiriliyan ɗaya da rabi. Wanda yake da na'urar da take wannan aiki ba ya buƙatar kuɗin babur ɗin kowa. Ita kuma ƙaramar cirewar farko da take shigowa nan take, irin dala ashirin ɗin matashin nan, tsaba ce ake watsa wa kaza.

Kalmar "tallatawa" da ke cikin dokar ta shafi mutanenmu fiye da yadda suke zato. Waɗanda suka kafa tsarin galibi ba a san fuskarsu ba, wataƙila ma ba a ƙasar suke ba. Wanda ake gani shi ne abokin aiki a ma'aikata, ko ɗan ajinku a Kadpoly, ko Hajiyar da kuke adashi tare, ko mai barkwanci a TikTok da aka biya ya ce shi ma ya gwada. Kowannensu yana karɓar kamasho a kan duk wanda ya shigo ta hannunsa, kuma da yawansu ba su san zamba cikin aminci suke yi ba, domin su ma sun zuba nasu. A ganina wannan ne wurin da dokar ta fi amfani a gare mu, domin ta ba mutum hujjar da zai ƙi ba tare da kunya ba, ta kuma gargaɗi mai jawo mutane cewa rasa nasa kuɗin ba lallai ya hana a tuhume shi ba. SEC ta sha jan kunnen fitattun masu amfani da kafafen sada zumunta a kan tallata kamfanonin da ba su da rajista.

Akwai wasu dokokin da suke aiki tare da wannan. Dokar hana damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20, ba tare da zaɓin tara ba, ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara, sannan ga dokar laifukan intanet ta 2015. A Disambar 2024 EFCC ta kama mutum 792 a wani bene a Legas, cikinsu har da 'yan China 148, bisa zargin soyayyar ƙarya da zuba jarin kirifto na bogi. Salon irin wannan aiki sananne ne: a fara da gaisuwa kamar an yi ɓatan lamba, a yi makonni ana hira, sannan a nuna maka dandalin da lambobinsa suke hawa kullum. Lambobin rubutu ne kawai da wani yake sauyawa daga kwamfutarsa.

Yanzu sai abin da dokar ba ta yi ba, wanda masu murnar an halasta suke tsallakewa. Rajista da SEC ba alkawarin riba ba ce. Hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, tana tsaya wa kuɗin ajiya a bankin kasuwanci har zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya idan banki ya durƙushe, amma wannan inshora ba ta rufe kirifto ba. Bitcoin ya kai kusan dala dubu 69 a Nuwamban 2021, shekara guda bayan nan ya faɗo ƙasa da dala dubu 17, kuma babu wanda ya aikata laifi a kan wanda ya saya a sama ya sayar a ƙasa. Sulallan TerraUSD da aka ce darajarsa ba za ta bar dala ɗaya ba ya ruguje a Mayun 2022, dandalin FTX kuma, wanda yake cikin mafiya girma a duniya, ya faɗi a Nuwamban shekarar, daga baya wata kotun Amurka ta ɗaure mai shi shekara 25. Saboda haka kuɗin haya, da kuɗin makaranta, da jarin shago, da bashi, ba su da wurin zama a wannan kasuwa. Malamai ma sun saɓa a kan hukuncin kirifto shi kansa, amma ribar da aka yanka tun kafin a yi ciniki, aka kuma ce babu faɗuwa, ta isa ta sa mutum ya je ya yi tambaya.

Tura kirifto ba ya komawa baya, domin babu manajan da za a je wa a ce an yi kuskure. Kalmomi 12 ko 24 da ake bayarwa lokacin buɗe lalitar kirifto, wato manhajar da ake ajiye shi a ciki, su ne mabuɗin dukiyar gaba ɗaya. A rubuta su a takarda a adana, kada a ɗauki hotonsu, kada a tura wa kowa, kuma babu ma'aikacin kamfani na gaske da zai nemi a faɗa masa su. Wannan ya fi shafar matasan da suka rungumi maining, wato latse-latsen waya domin tara sulallan kirifto kyauta, tun zamanin wasan Hamster Kombat a 2024, domin shafukan bogi masu cewa a haɗa lalita a karɓi kyauta su suka fi farauta.

Masu cinikin P2P suna da nasu haɗarin ta fuskar doka. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta sanya kamfanonin kirifto a sahun cibiyoyin kuɗi, shi ya sa dandali mai bin ƙa'ida yake neman BVN ko NIN da hoton fuska, kuma wanda bai nemi komai ba shi ne abin zargi. Idan ka sayar wa baƙo USDT ya biya ka da kuɗin da aka sato daga asusun wani, asusunka ne za a rufe idan mai kuɗin ya kai ƙara, kai ne kuma za ka yi bayani. Kada a karɓi biya daga sunan da ya bambanta da na mai sayen, kada a fita daga dandali a ƙarasa ciniki a Telegram, kuma a ajiye shaidar kowace hada-hada. Shaidar za ta yi amfani wajen haraji ma, tunda tun daga Dokar Kuɗi ta 2023 ribar kadarorin intanet ta shiga cikin abin da ake biya wa haraji.

Wanda abin ya riga ya rutsa da shi ya fara da daina tura kuɗi, ya ɗauki hoton hirarraki da rasitai da adireshin lalitar da ya tura wa kafin a goge zauren, ya sanar da bankinsa a ranar idan ta banki kuɗin ya fita, sannan ya rubuta ƙorafi zuwa ofishin EFCC na shiyyar Kaduna da kuma SEC. Idan rikicin da kamfani mai rajista ne, akwai hanyar ƙorafi ta hukumar, bayanta kuma akwai kotu ta musamman mai sauraron shari'o'in zuba jari. Kai ƙara yana taimakawa wajen kama masu laifi, amma dawowar kuɗi takan ɗauki lokaci, sau da yawa kuma ba a samun duka. A wannan jiran ne zagaye na biyu yake zuwa, inda wani zai kira ya ce shi ƙwararre ne a dawo da kirifton da aka sace, ko dandalin ya ce a biya haraji kafin a saki kuɗi. Bayan rushewar CBEX an nemi waɗanda kuɗinsu ya maƙale su sake biyan dala 100 ko 200 da sunan tantance asusu, kuma an samu waɗanda suka biya.