Hauhawar Teku da Yadda Mutanen Gaɓa Ke Fuskantar Ta

Hauhawar teku ita ce ƙaruwar da ruwan tekunan duniya ke yi a hankali, shekara bayan shekara, har ya riƙa cin ƙasar da a da ba ya kaiwa gare ta. Ta bambanta da cika da janyewar da teku ke yi kullum, domin wannan takan zo ta koma, ita kuwa hauhawa in ta zo ta zauna ke nan. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya bayyana a rahotonsa na 2021 cewa tsakanin 1901 da 2018 teku ya ƙaru da kimanin santimita 20, kusan taƙi ɗaya na hannun babban mutum. A ido abin kaɗan ne. Amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta yankin Neja Delta, taƙi ɗaya kan bai wa igiyar ruwa damar kutsawa nesa cikin gari. Saurin kuma ƙaruwa yake yi: daga kimanin milimita 1.3 a shekara kafin 1971, ya kai milimita 3.7 tsakanin 2006 da 2018.

Musabbabi

Ruwa in ya ɗumama yakan kumbura, ƙanƙarar da ke kan duwatsu da ta Girinlan da Antatika kuma tana narkewa tana gangarowa teku. Waɗannan biyun daga ɗumamar yanayi suke. Akwai na uku, wanda ya fi saurin cin garuruwa, wato nutsewar ƙasar kanta. Inda aka yawaita zuƙe ruwa da rijiyoyin burtsatse, ko aka jibga manyan gine-gine a kan laka, ƙasa takan lotsa. Arewacin birnin Jakarta na ƙasar Indunusiya ya shahara da haka. Haƙar yashi a bakin ruwa don gini da sare itatuwan gaɓa suna ƙara wa abin ƙarfi.

Abin da ya haɗa shi da Abuja

Mazaunin Abuja yana iya ganin wannan matsalar mutanen kudu ce. Gaɓar Najeriya dai ta kai kimanin kilomita 853, daga Legas zuwa Kuros Riba, kuma ta can yawancin fetur da shinkafa da kifin ƙanƙarar da ake saukewa a kasuwar Kado suka riƙa shigowa. Hausawa masu yawa suna fatauci da leburanci a Legas da Fatakwal da Warri, da yawansu a unguwannin kwari da ruwa ke fara shiga.

Ruwan da ke cinye garuruwan gaɓa ma ba daga teku kaɗai yake zuwa ba. Kogin Neja da na Binuwai sukan haɗu a Lakwaja su gangara kudu da ruwan daminar arewa, har da wanda ake saki daga madatsar Lagdo ta Kamaru. In ya iso ya tarar teku a cike, ba shi da mafita sai gidajen mutane. A ambaliyar 2012 mutum 363 suka rasu, sama da miliyan 2 suka bar muhallinsu. Ta 2022 ta kashe fiye da 600, ta shafe yawancin jihar Bayelsa. A watan Oktoban shekarar ruwa ya hau hanyar Abuja zuwa Lakwaja a wajajen Koton Karfe, tireloli da tankoki suka yi kwanaki a jere ba gaba ba baya, direbobi na kwana a ƙarƙashin motocinsu, layin mai kuwa ya miƙe a gidajen man Abuja.

Katanga

Abu na farko da gwamnati kan tuna shi ne tare ruwa. Holan ce gwanar wannan, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarta yana ƙasa da tsayin teku. Bayan ambaliyar 1953 da ta kashe mutum 1,836, ta shafe shekaru fiye da 40 tana gina madatsai da ƙofofin ƙarfe a bakin kogunanta. Landan ta yi ƙofofin da ke rufe kogin Tems, birnin Benis na Italiya ya fara amfani da nasa a 2020.

Tarihin Legas ya fi koyar da mu. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka jera duwatsu cikin teku a mashigar tashar jiragen ruwa, don kada yashi ya toshe ta. Sai dai igiyar ruwa a wannan gaɓar daga yamma take kwaso yashi ta kai gabas. Da duwatsun suka tare shi, bakin ruwan Bar Beach ya daina samun rabonsa, teku ya yi ta gatsar sa har ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello a Victoria Island. Maganin da aka kawo daga wajajen 2008 shi ne Eko Atlantic: aka yaso yashi daga gindin teku aka cike wurin, aka kewaye shi da doguwar katangar duwatsu da kankare, aka yanka filaye masu tsada a kai. Victoria Island ta huta. Amma mazauna ƙauyukan da ke gabas, irin su Okun Alfa, sun daɗe suna kukan cewa zaizayar gabansu ta dawo, kuma hanyarsu da gidajensu da dama sun tafi.

Nan ne aibin katanga. Ba ta rage ruwa, karkata shi take yi, kuma galibi wajen wanda ba shi da halin gina tasa. Mutanen Sen Luwi ta Sanagal sun ga irin wannan ta wata fuska. A 2003, don a ceci birnin daga ambaliyar kogi, aka tsaga hanyar ruwa mai faɗin mita 4 a zirin yashin da ya raba kogin da teku. Ruwan ya janye, amma tsagar ta yi ta buɗewa har ta kai kilomitoci, ta haɗiye wani ƙauye, zartsi ya shiga gonaki. Ita kanta Holan daga baya ta sassauta, ta ja wasu katangun baya, ta bar wa koguna fadamun da za su bazu in sun cika.

Zama da ruwa

Talakan gaɓa bai taɓa jiran kwangila ba. A Makoko, unguwar masunta da ke kan tafkin Legas, gida a kan turakun katako yake, an kafe su cikin laka, an shimfiɗa daɓen katako an rufa kwano. Kwalekwale ne abin hawa, shi ne shago, a cikinsa mai abinci ke zagayawa da tukunyarta, yaro ɗan shekara 6 ya iya tuƙi. In ruwa ya ƙaru, a ƙara wa turaku tsawo. Haka garin Ganbiye yake a tafkin Nokuwe na Jamhuriyar Benin tun ƙarnoni. A 2013 wani masanin zanen gine-gine ɗan Najeriya, Kunle Adeyemi, ya gina wa Makoko makaranta mai hawa uku a kan gangunan roba sama da 200, tana tashi tana sauka da ruwa. Ta rushe a daminar 2016, babu ɗalibi a ciki, amma an ci gaba da gwada tsarinta a wasu ƙasashe. Abin takaici, babbar barazanar Makoko ba ruwa ba ce: a watan Yulin 2012 an rushe wani ɓangarenta bayan wa'adin sa'o'i 72.

A kudancin Bangaladash, inda gona kan yi watanni a nutse, manoma sukan tara wani tsiro mai kama da kainuwa, su tattake shi ya zama doguwar kunya mai yawo a kan ruwa, su shuka kuɓewa da kabewa da alayyafo. Wasu sun koma irin shinkafa mai jure gishiri, wasu kiwon agwagwa maimakon kaji.

Ƙasar ta kuma nuna amfanin gargaɗi. Guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000. Bayan haka aka gina mafaka a kan ginshiƙan kankare, waɗanda ke zama makarantu a sauran lokuta, aka horar da dubban 'yan sa-kai da ke bin ƙauyuka da amsa-kuwwa. Guguwa mai ƙarfi ta 2007 ta kashe 'yan dubbai. A Najeriya hukumar NIHSA kan fitar da hasashen ambaliya kowace shekara daga Abuja, NiMet ta ba da na damina, NEMA ta kai agaji. Gibin yana tsakanin sanarwa da masunci: a ce wa mutum ya koma kan tudu, ba a nuna masa tudun ba, ba a kuma ce wa zai tsare masa komarsa da jirginsa ba.

Itatuwan gaɓa

Mangurof itace ne mai tsiro a ruwan zartsi, saiwoyinsa a waje, a sarƙe kamar raga. Suna karya ƙarfin igiyar ruwa, suna kama laka har ƙasa ta ƙara tudu, a cikinsu kuma kifi ke hayayyafa. Dajinsa mafi girma a Afirka yana Neja Delta, sai dai malalar ɗanyen mai da saran itacen ƙyafe kifi da mamayar wani kwakwan ruwa da aka shigo da shi Kalaba a 1906 sun ci shi sosai. A Kasamas ta Sanagal ƙauyuka sun sake dasa miliyoyinsa da hannu. Ya fi kankare araha nesa ba kusa ba, kuma kariya ce da ke ciyar da mai ita.

Ƙaura

In komai ya gaza, sai tashi. A 2014 ƙauyen Vunidogoloa na Fiji ya koma kan tudu, kimanin kilomita 2 daga kufansa. A 2023 Tubalu, wata ƙaramar ƙasar tsibirai a tekun Fasifik, ta ƙulla yarjejeniya da Ostireliya da ke bai wa mutanenta 280 damar komawa can kowace shekara. Indunusiya ta yanke shawara a 2019 ta ɗauke babban birninta daga Jakarta zuwa tsibirin Boniyo. Najeriya ta yi irin wannan ƙaura zuwa Abuja a 1991, duk da cewa cunkoso da neman tsakiyar ƙasa ne dalilinta. Darasin dai ɗaya ne: ma'aikatu ke tashi, jama'a na nan. Legas ta ninka yawanta tun bayan tafiyar gwamnati.

Ƙaura ta fi kowace hanya ciwo, saboda masunci in ya yi nisa da ruwa ya rasa sana'a, ya kuma bar kaburburan iyayensa. A taron yanayi na Sharm el-Sheikh ta Masar a 2022 an amince a kafa asusun biyan asara ga ƙasashen da abin ya fi shafa, amma abin da aka yi alkawari bai kama ƙafar buƙata ba. Garin Ayetoro na ƙaramar hukumar Ilaje a jihar Ondo, wanda aka kafa a 1947 kuma ya yi suna da dogaro da kai, ya rasa babban ɓangarensa. An ba da kwangilar kare gaɓarsa fiye da sau ɗaya, amma ba a kammala aikin ba. Mutanensa sukan kwance gidajen katakonsu su matsa baya, teku ya biyo su, su sake kwancewa.