Man Gyaran Fata

Man gyaran fata shi ne duk wani mai, kitse ko kaki da ake shafa wa jemammiyar fata domin ta ci gaba da laushi, kada ta bushe ta tsattsage. Ana shafa shi a jikin jaket ɗin fata, takalma, jaka, gafaka, kube, kayan doki da sauran aikin dukawa. Ba ɗaya yake da man goge takalmi irin su Kiwi ba, wanda aka fara sayarwa a Ostireliya a 1906. Na gogewa a fuskar fata yake tsayawa ya ba ta launi da sheƙi, na gyara kuwa ratsa ta yake yi. A ƙauyukan Kano da Jigawa an fi shafa man da ke kusa da hannu, amma wanda ya dace da kaya ya danganta ne da irin jimar da aka yi wa fatar da abin da aka lulluɓe fuskarta da shi.

Abin da ke busar da fata

Fata saƙa ce ta siraran zarurruka na wani sinadari da ake kira kolajin. Wajen jima ana tuje gashin, a kankare nama da kitsen asali, a jiƙa ta a ruwan jima, daga ƙarshe majemi ya mayar mata da mai domin zarurrukan su riƙa zamewa a kan juna idan an lanƙwasa ta. Wannan man ne ke ƙarewa a hankali: rana ta ci wani, ruwan sama ya wanke wani, gumi da ƙura su tsotse saura. Idan ya ƙare sai zarurrukan su riƙa gogar juna har su karye. Tsagar da ta riga ta fito, babu man da zai ɗinke ta.

Yanayin ƙasar Hausa yana cin fata ta fuska biyu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busar da ita yadda take busar da leɓe da diddige, kuma a daidai lokacin ne 'yan acaɓa da masu sammakon kasuwannin Wudil da Maigatari ke fito da jaket. Da damina kuma, musamman cikin Agusta, danshi kan sa fumfuna ta kama kayan da aka rufe a akwati ko aka rataye a ɗakin ƙasa, kuma fatar da aka cika wa mai ta fi saurin kamuwa.

Irin jima

Jimar gargajiya da bagaruwa ake yin ta. Ana daka 'ya'yanta a jiƙa, ruwan ya ratsa fatar ya hana ta ruɓewa. Sana'a ce daɗaɗɗiya a Kano. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, da ya iso birnin a 1851, ya rubuta yadda takalma da jemammun fatun Kano ke tafiya har Arewacin Afirka, kuma fatar jar akuyar Sakkwato ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, saboda ta can take bi kafin ta isa gare su. Fatar bagaruwa tana da ƙishin mai. Tana sha da sauri, launinta ya ƙara duhu, kuma duhun ba ya komawa. Jan da aka rina da karan dafi yakan juye ja mai duhu bayan shafa ɗaya.

Jimar masana'anta, irin ta kamfanonin Challawa da Sharaɗa, mafi yawa da gishirin wani ƙarfe da ake kira kurom ake yin ta. Augustus Schultz ne ya yi rajistar dabarar a Amurka a 1884, kuma yau akasarin fatar duniya da gishirin kurom ake jeme ta. Akasarin jaket ɗin fata ta gaske da ake samu a gwanjon Ƙofar Wambai daga wannan ajin yake, na tunkiya, akuya ko saniya. Irin wannan fata ta fi jure ruwa, sau da yawa kuma an fesa mata fenti da wani siririn rufi. Mai kauri ba ya ratsa rufin. Zama yake yi a sama ya yi danƙo, ƙurar hanya ta manne.

Ana gane bambancin da ɗigon ruwa a wuri ɓoyayye, kamar ƙarƙashin kwala. Idan fatar ta shanye shi ta bar tabo mai duhu, a buɗe take, za ta sha mai. Idan ɗigon ya tsaya kamar ƙwallo, tana da rufi, kirim mara nauyi kawai take buƙata.

Akwai kayan da ba sa son mai sam. Fata mai fuska kamar karan-miski, wadda ake kira suwed, tabo take yi ta kwanta, burushi ne gyaranta. Fatar roba kuma, wato yadin da aka shafe da roba, ba ta da zarurrukan da za su sha komai, in ta fara ɓarewa ta gama. (Kalmar "leda" ma daga sunan fata na Turanci aka aro ta, amma Bahaushe ya ajiye ta ga roba.) Tandu da fatar kalangu ɗanyar fata ce da ba a jeme ba, ba sa cikin wannan babi.

Ire-iren mai

Man ƙafar shanu, wanda ake tatsa daga ƙashin ƙwauri da ƙafafun shanu, shi ne sananne wajen masu kayan doki a Turai da Amurka. Ba ya daskarewa da wuri, yana ratsa ƙirgi mai kauri, amma yana duhunta fata, kuma wanda ake sayarwa da araha yawanci an gauraya shi da man da aka tace daga ɗanyen man fetur. Lanolin maiƙon gashin tumaki ne, yana laushi ba tare da nauyi ba, shi ya sa yake cikin kirim ɗin jaket da yawa. Kakin zuma ba ya ciyar da fata sosai, aikinsa toshe fuska ya kare ruwa, don haka ake narka shi da mai a yi haɗi na takalmi da jaka.

Na gida kuwa, man kaɗe ya fi sauran dacewa. Ba ya saurin lalacewa, ana samun sa a kasuwannin ƙauye, kuma ɗan kaɗan da aka narke a tafin hannu ya ishi takalmi ƙafa biyu. Man gyaɗa shi majema ke shafawa wajen gama jima, amma su suna murza fatar su shanya ta har ta shanye. A hannun mai kaya, idan ya yi yawa, yakan tsufa ya yi ɗoyi. Man shanu da kitsen rago sun fi shi wannan aibi, ga kiran ɓera da kiyashi, kuma ɓera ba ya tsayawa a maiƙon, har fatar yake ci. Manja yana rina kaya. Basilin yana sa sheƙi na kwana biyu ya bar danƙo. Baƙin man inji, wanda wasu ke shafa wa takalmin gona, yana ɗauke da dattin ƙarfe da ƙonannen sinadari, bai kamata ya taɓa fata ba balle wadda ke gogar jikin mutum.

Yadda ake shafawa

Ana fara kakkaɓe ƙura, a goge da tsumma mai ɗan danshi, a bar kayan su bushe a inuwa. Jemammiyar fata tana da ɗan tsami a ɗabi'arta, don haka omo, sabulun salo da ruwan toka suna ƙona ta su sa ta tauri. Sai a gwada man a wuri ɓoyayye a bar shi ya kwana. In launin ya gamsar, a shafa siriri da tsumman auduga, a kula da gwiwar hannu, kafaɗa da bakin aljihu inda fata ta fi lanƙwasa, a bari ya shiga, a goge ragowar. Ba a shanya ta a rana ko kusa da murhu don man ya yi saurin shiga.

Ga jaket, sau ɗaya a farkon hunturu da sau ɗaya kafin a ajiye shi ya wadatar. A rataye shi a inda iska ke ratsawa, kada a ƙulle shi a leda. Kayan doki sun fi buƙata saboda gumi, kuma gidajen da ke fita hawan Sallah a Dutse, Haɗejia, Gumel, Kazaure da Ringim sun fi samun amfani idan an goge su an shafa bayan hawa, ba sai ana gobe wani hawan ba. Nan ma akwai iyaka: majayi da igiyar likkafa idan suka sha mai fiye da kima sukan saki su miƙe. Gafaka da laya kuwa ta waje kawai ake shafawa, kaɗan, domin maiƙo yana ratsawa ya ɓata takarda da tawada.

Wani lokaci farin abu kan fito a fuskar fata bayan an shafa mata kitse, musamman da sanyi. Ba kullum ne fumfuna ba. Idan an murza da ɗumin yatsa ya narke ya ɓace, kitsen ne ya daskare ya taso, gogewa ta ishe shi. Idan yana da warin danshi kuma ya tsaya ɗigo-ɗigo, fumfuna ce: a goge ta a waje da tsumman da aka ɗan jiƙa da ruwan khal da aka sirka da ruwa, a bar kayan su sha iska a inuwa kwana biyu ko uku kafin a sake shafa musu wani mai.