Gwajin Hali da Ƙwarewa Wajen Ɗaukar Ma'aikata

Gwajin hali da ƙwarewa hanya ce da masu ɗaukar aiki ke bi don auna mai neman aiki, ko ma'aikacin da ake son yi wa ƙarin girma. Na ƙwarewa yana duba abin da mutum ya iya: lissafi, fahimtar rubutu, sarrafa kwamfuta ko aikin hannu. Na hali kuwa ba shi da amsar daidai ko kuskure. Ana tambayar mutum ne yadda yake zama da jama'a da yadda yake yi idan aiki ya yi zafi.

A 1917 rundunar sojan Amurka ta fara gwada ɗimbin sababbin sojoji da jarrabawar Army Alpha, ta kuma tanadi Army Beta mai hotuna da alamomi saboda waɗanda ba su iya karatu ko Turanci ba. A fannin hali, wanda ya fi shahara shi ne Myers-Briggs, na Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers, wanda ke kasa mutane gida 16. Masana da dama na sukarsa, domin mutum ɗaya kan faɗa wani gidan daban idan aka sake gwada shi bayan 'yan makonni.

A Najeriya gwajin ƙwarewa ya fi yawa. Hukumar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, shirin N-Power na 2016 ma ta intanet ya gwada masu nema. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, sama da 21,000 suka kasa. Masu sana'ar hannu, irin su kafinta da makanike, suna da gwajin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai matakai uku.

Ga matashin ƙauye a yankin Gumel ko Rano, jarrabawar ba ta tsaya ga iliminsa ba. Sai ya nemi kuɗin mota zuwa gari, ya biya mai shagon intanet, sabis ya ɗauke masa alhali lokaci na tafiya. Tambayoyin da Turanci suke, wani ma ranar ce ya fara taɓa kwamfuta. Mai takardar NCE da ya iya riƙe aji sarai yana iya faɗuwa saboda wannan kaɗai, kuma asara ce ga makarantar ƙauyensu. Abin da sojan Amurka suka gane tun 1917, cewa rashin harshe ba rashin basira ba ne, ya kamata masu tsara jarrabawa a nan su lura da shi.

Auna mutum ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tela yakan daɗe yana ba yaronsa ɗinkin maɓalli da kalmasa kafin ya bar shi ya sa almakashi a shaddar mutane. Falke a kasuwar dabbobi ta Maigatari ko Wudil yakan aiki yaro da kuɗi kaɗan, ya ga ko canji zai dawo cif, sannan ya tambayi mai unguwa ko limamin garinsu ɗan gidan wa ne.